Ranar da Ƙusar Taya Ta Karye a Hanyar Dutse

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. "Kai" yake ce mini, in kuwa da wani yake magana sai ya ce "wancan na wajen mota". Malami ne, yana da makarantar allo a wani ƙauye gabas da Ringim, ta wajen Taura, kuma burinsa in gaje shi. Ni kuwa ba a yi ni da zama wuri ɗaya ba. Da ƙyar na sauke, ina saukewa na tafi Kano, na shekara huɗu ina wanke motar mutane ina murɗa mata hannu ta tashi, har na samu aka ba ni lasin.

Da jirgin ƙasa ya fara biyowa ta Ringim, cinikin gyaɗa ya buɗe, wani attajirin garin ya sayi tsohuwar mota a hannun wani Kwara, irin Larabawan nan masu kanti, shi ma Kwaran a hannun Bature ya saye ta. Ni aka ɗauka direba. Motar ta riga ta sha duniya kafin ta zo hannuna: rufinta na tamfol duk faci, ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Duk da haka, in na bi ta ƙauye da ita har tsofaffi fitowa suke kallo, don a lokacin motocin da ke ƙasar ba su da yawa.

Shekara uku ke nan a lokacin da yanar ido ta rufe wa Baba gani. Alƙur'ani yana kansa, wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi littattafansa, da rubutu, don mutum ne mai kyan hannu, daga nesa ake kawo masa aikin kwafe littafi. Sai ya zama yana zaune a zaure, littafi a cinya, yana shafa takarda da yatsa. Duk sanda na je gida na tarar da shi haka, ba na iya zama. In gaishe shi, in shiga wajen Inna, in fito, in zaga mota, in koma.

A bazarar nan ne labari ya zo cewa akwai wani mutumin gabas mai cire yanar ido da allura, yana bin kasuwanni, kuma zai ci kasuwar Litinin da ke kusa da Dutse, daga nan ya yi kudu. Na roƙi maigidana aron mota, ya ba ni, da yake gyaɗa ta ƙare, amma ya ce lallai ranar Talata ta kwana a gida. Kwana uku ina lallashin Baba, Inna tana taya ni, kafin ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kowace taya ta motar ƙusa biyar ke riƙe da ita, ƙusoshi masu kauri kamar babban yatsa, a kafe a jikin gangar birki, a sa taya a kansu a ɗaure da noti. A tayar gaba ta hagu, ɗaya ta karye tun kaka. Sai a Kano ake samun irinta, ni kuma na san in na faɗa, maigida zai ce a jingine mota har a aiko, in zauna ina kallon bango. Sai na yi shiru. Kullum da safe in zura bututun ƙarfe a hannun sifana, in hau kai da ƙafa, in ƙara tamke huɗun da suka rage. Ina ganin dabara nake.

Muka tashi bayan sallar asuba. Baba bai taɓa shiga mota ba. Ya yi bisimilla, ya laluba ya zauna a gaba kusa da ni, ya sa sandarsa tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙe ta da hannu biyu. Muka ƙetare kogi, a bushe yake sai rairayi, muka kama hanyar da ta bi ta ƙasar Jahun. Lissafina kafin rana ta take muna kasuwa. Hanyar kuwa hanya ce ta jakuna da aka faɗaɗa, nan yashi, can gargada, ni kuma ina ta taka mota fiye da yadda na saba.

Da hantsi ya ɗaga, mun fito daga wani kwari ke nan, na ji ƙas! kamar an taka busasshen kara. Sai sitiyari ya fara rawa a hannuna. Na taka birki, motar ta ja hagu, ta tsaya a gindin wata ƙirya.

"Lafiya?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Baba. Bari in duba."

Na sauka. Ta biyu ta karye, kuma maƙwabciyar ta farkon ce. Saura uku, duk a gefe guda. Na kama tayar na girgiza, ta amsa mini kamar haƙori mai shirin fita. In na ci gaba a haka, ba za mu yi nisa ba sauran za su bi, taya ta yi nata wuri, mu mu yi namu. Na bi sawunmu da baya ina tona yashi da ƙafa, har na tsinci notin, da guntun ƙusar a cikinsa. Na tsaya a rana da shi a hannu, ina duban gabas ina duban yamma, kamar wani zai ɓullo da sabuwa.

Akwai ƙauye a kusa, ana hango rumbunansa, kuma daga can nake jin ƙarar masaba. Ban san abin da maƙerin ƙauye zai iya yi wa mota ba, amma ba ni da wani wurin zuwa. Na sa jak, ya nutse a yashi. Na sake sawa a kan dutse, ya zame. Sai da na ciro katakon da ke ƙarƙashin kujerar baya na shimfiɗa, sannan ta ɗagu. Na kwance taya, na zare gangar gaba ɗaya, na juye boris ɗinta, ƴan ƙarafan da take juyawa a kansu, a hulata don kada yashi ya shiga. Na ɗora gangar a kafaɗa, Baba ya dafa ni, muka kama hanya. Tafiyar da zan yi cikin ƙiftawar ido ni kaɗai, muka yi ta ja. Sau biyu yana ce mini, "Kai, ƙafata ba taya ba ce."

Maƙerar rumfar kara ce a bakin gari. Maƙerin gajere ne, ƙaƙƙarfa, damatsansa duk tabon wuta, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Garemani da fartanyu ne jibge a gabansa, don damina ta kusa, kowa yana son tasa. Da ya ga rawanin Baba sai ya ajiye masaba, ya durƙusa ya gaishe shi, ya shimfiɗa masa buzu a inuwa. Na sauke gangar na yi masa bayani cikin sauri, ina haɗa magana biyu a ɗaya.

Ya juya ta, ya leƙa, ya ce, "Ni fa ban taɓa taɓa mota ba. Ƙusa kam zan ƙera maka. Wannan tsagar da ta murɗe a jikinta, wadda abin nan yake bi, ita ce ban sani ba."

Baba ya ce, "Miƙo mini in gani."

Haka yake cewa, in gani, har ya bar duniya. Aka ɗora masa gangar a gabansa. Ya bi ƙusoshin nan uku da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zo kan guntayen biyu. Ya daɗe a kansu. Ya shafa wannan, ya koma wancan, ya sake dawowa.

"Wannan karayar ta yau ce, tana da kaifi," ya ce. "Wannan kuwa ta kwana biyu. Bakinta ya lashe."

Maƙeri ya sunkuyar da kai yana gyara gawayi.

"Tun yaushe?"

"Tun kaka, Baba."

"Mai motar ya sani?"

"Bai sani ba."

"Ashe a kan huɗu ka ɗauko ni."

Da zagina ya yi da na fi jin daɗi. Na tashi na fita daga rumfar, na dubi rana, na dawo.

Maƙeri ya sa mahuji a kan guntun yau, ya buga sau uku ya fice ta baya. Na tun kaka kuwa tsatsa ta kama shi, ya ce a bar shi, in aka matsa gangar za ta tsage. Sannan ya ɗauki notin da na tsinto, ya cire guntun da ke ciki, ya ɗaga shi saitin haske yana kallo da ido ɗaya.

"Direba, wannan abin ai tsagar tana cikinsa. In na yi masa haƙora na ba shi tauri, ba zai yanka mana sabuwa ba?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya ko a Kano ban taɓa gani ba; can in abu ya karye sabo ake sawa.

Ya shiga gida ya jima, ni ina ta safa da marwa a bakin rumfa. Ya fito da wani ƙarfe a naɗe cikin tsumma, ya duba hagu da dama kafin ya kwance. Guntun ƙarfen hanyar jirgi ne, wani ya kawo masa, kuma a lokacin in aka gan ka da shi sai ka yi bayani a gaban alƙali. Ya ce wanda yake yi masa zuga ya tafi kai taki gona, sai in zauna in kama.

Na kama zugazugi na shiga bugawa kamar ana kora ta. Wuta ta yi fari, tartsatsi ya tashi har kan buzun Baba.

"A hankali! Za ka ƙone mini ƙarfe!"

Na rage. Can kuma hannuna ya koma da kansa.

"Direba, in ba za ka iya ba ka tashi Malam ya karɓe ka."

Ya ƙera ƙusa biyu, ya ce ko da ɗaya za ta ƙi. Ya yi musu kai mai faɗi, ya gwada kaurinsu da ramin, ya turbuɗe su a toka su huce a hankali don su yi laushi. Notin kuma ya sa siririn magagari ya tsaga shi gida uku ta ciki, ya kankare ƙahon saniya ya barbaɗa masa, ya sa a wuta har ya yi ja, ya sake barbaɗawa, ya jefa a ruwa. Warin ƙonannen ƙaho ya cika rumfar. Duk wannan ina lura da inuwar rumfa tana janyewa. Na roƙe shi ya ciro ƙusoshin daga toka, ya ce ba su yi ba. Na sake roƙo, ya juyo mini da kunnen da ba ya ji.

Aka kira azahar. Baba ya ja mu salla a masallacin ƙauyen, kuma ranar na ga kamar da gangan ya tsawaita. Allah ya yafe mini, ina sujada ina lissafin tafiyar da ta rage.

Da muka dawo maƙeri ya matse ƙusa ɗaya a cikin tsagin wani kututture, ya shafa mata man gyaɗa, ya ɗora notin a bakinta, ya ce in murɗa da sifana tunda ni na san hannunta. Na murɗa, ya kama. Na ga ɗan garin ƙarfe yana zubowa, na ce alhamdu lillahi, na danna da ƙarfina. Zagaye huɗu, biyar, sai ya cije. Na ɗauko bututuna na zura, na ja. Sai notin ya juya sakwaf. Da muka kwance, tsagar ta karkace, ta tafi a gicciye, ƙarfina kuma ya share ta gaba ɗaya.

Na yi jifa da sifana, ta daki garemanin mutane. Ban san sanda na ce, "Wannan wace irin rana ce!" ba.

"Rana ce irin ta jiya," in ji Baba. "Ɗauko abin da ka jefar. Ku matso da kututturen nan kusa da ni."

Muka matso da shi. Maƙeri ya kafa ta biyun, wadda daga ita babu wata. Baba ya naɗe hannun rigarsa, ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin notin, babban yatsa a jikin ƙusar.

"Murɗa kaɗan. Tsaya. Ya kwanta ta wajena. Koma baya."

Na koma. Maƙeri ya ɗan taɓa bakin ƙusar da magagari, muka sake.

"Yanzu ya zauna. Rabin zagaye. Tsaya. Koma. A sa mai."

Haka muka yi ta yi. Rabin zagaye gaba, kaɗan baya, a hure gari, a ɗiga mai. Gumi yana shiga mini ido. Na ƙagu, hannuna yana so ya zarce, amma yatsun mahaifina suna nan dab da bakin sifana, in na zarce su zan murƙushe. Tun ina ƙarami rabon da in zauna kusa da shi haka, har ina jin numfashinsa. Ya ƙirga tsagar ƙusa mai lafiya da farce, ya ƙirga tamu, ya ce saura uku. Sai saura ɗaya. Sai ya janye hannu ya ce a gwada.

Na ɗauko noti mai kyau daga aljihu na ɗora. Ya bi ta da yatsa kawai, har ƙasa. Maƙeri ya yi wata irin dariya, ya tafa hannu, ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe kai ma ɗan maƙera ne!" Baba ya goge man a tsumma, na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi.

Maƙeri ya ɗan ba ƙusar tauri, ya zura ta a ramin ta baya, ya yi mata ƙaya biyu a ƙarƙashin kai don kada ta juya, ya buga har ta zauna daram. Na ba shi garwar fetur da babu komai a ciki, abin da mutanen ƙauye ke so ƙwarai a lokacin, ya kuma roƙi Baba addu'a. Har bakin mota ya rako mu, ya tsaya yana kallo ina mayar da boris, ina ɗaure taya. Da na ɗauko bututu zan tamke, ya riƙe shi.

"Tawa ba ta Bature ba ce. Da hannu kawai."

La'asar ta yi sanyi kafin mu tashi. Dole na tafi a hankali, ina tsayawa ina duba ƙusar, ina taɓa ta in ji ko ta saki. Ba ta saki ba. Muka wuce Kiyawa, duwatsun Dutse suka fara bayyana, rana tana faɗawa bayansu. Tun daga nesa na ga mutane suna fitowa da jakuna da tumaki, kowa ya nufi gida.

Na bar Baba a mota na shiga kasuwa da gudu. Rumfuna duk an kwashe. Wani mai kanwa da ke ɗaure buhu ya nuna mini gindin wata tsamiya, ya ce nan mai idon ya zauna, ya yi wa mutum biyar aiki, ya tashi bayan azahar da ayarin fatake, sun yi wajen Buji. Na je gindin tsamiyar. Babu komai sai sawun tabarma da wani tsumma mai jini.

Na dawo ina haki na ce, "Baba, ba su yi nisa ba. Da jakuna suke. In muka bi su yanzu za mu cim musu inda za su yada zango."

"Hanyar mota ce?"

"Zan san yadda zan yi."

"Kamar yadda ka san yadda za ka yi da kaka?"

Sai na ce, da muryar da ta fi wadda ta kamata ɗa ya yi wa uba, "To mu koma haka? Duk wahalar nan?"

"Na gaji," ya ce. "Akwai wanda ya yi karatu a wajena a cikin Dutse. Kai ni gidansa."

A can muka kwana. Washegari kafin mu tashi ya sa mai masaukinmu ya samo masa dabinon Dutse, ya ƙulle a gefen rawani ya ce na Inna ne. Muka iso Ringim da la'asar. Na gaya wa maigida duk abin da ya faru, har da na kaka. Ya yi mini faɗa sosai, ya jingine motar kwana goma sha ɗaya har aka aiko da ƙusoshi ta jirgi. Kwanakin nan na yi su ne a tashar jirgin, ina tambayar duk wanda ya sauka ko ya ji labarin mai cire yana.

Na shekara biyu ina wannan tambayar, a duk kasuwar da aiki ya kai ni. Wani ya ce ya koma gabas, wani ya ce ya mutu. Wasu suka ce sun san wanda ya yi wa aiki ya warke har yana zura allura, wasu suka ce sun san wanda idonsa ya tsiyaye. Ban san wanda zan gaskata ba, kuma har yau in na tuna ranar nan ban san ko cutar Baba na yi ko kuwa wani abu ne aka kare shi daga gare shi. Na juya ta ta kowace fuska, ba ta zauna mini ba.

A shekara ta uku na gan shi, a wata kasuwa ta wajen Haɗeja. Dogo ne, siriri, da ƴar jakar fata. Wata tsohuwa ce a gabansa, maza biyu sun riƙe mata kai. Na kutsa cikin masu kallo har na zo gaba. Na ga ya ɗaga fatar idon, na ga allurar ta shiga ta gefen baƙin, na ga yana juya ta a hankali. Na fita daga taron na jingina da wata rumfa, da nufin in ya gama in yi masa magana. Ya gama, ya wanke hannu, ya kira na gaba. Ban je ba. Na koma mota na murɗa ta na tafi.

Sai da na yi wata guda kafin na iya gaya wa Baba. Na tarar da shi a zaure, wani ɗalibinsa babba yana karanta masa littafi yana gyara masa. Da ɗalibin ya fita na zauna na ba shi labari, ban rage komai ba, har da cewa ban yi wa mutumin magana ba. Ya saurara har na gama.

"Tsohuwar ta yi kuka?"

"Ba ta yi ba, Baba. Salati kawai take."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba ya ɗauki littafin, ya miƙo mini, ya ce in ci gaba daga inda ɗalibin ya tsaya. Na karanta shafi ɗaya da rabi, ya gyara mini wuri bakwai.